Jan Fenti a Jikin Yazawar Somoe

Shekarar da gwamnati ta fara biyan mutane don su sare tsofaffin itatuwan yazawa su dasa sababbi masu aure, a shekarar ne Mfaume ya gano yana ƙaunar gwaggonsa. Kafin nan in ya wuce ƙofar ɗakinta a kan babur hannu kawai yake ɗaga mata, shi ma na hagu. Amma da aka tara mu a filin makaranta aka karanta takardar tallafi, washegari da sassafe sai ga shi durƙushe a gabanta, da ƙullin sukari da ganyen shayi.

Ina wurin. Kullum ina wurin. Danga ce kawai tsakanin gidana da nasu, kuma ba ni na ce a yi ta da ɓula ba. 'Yan garin nan Bibi Rediyo suke ce min, wato Kaka Rediyo, ni kuwa ba na jin haushi, don in na yi shiru kwana biyu su ne ke zuwa tambayar ko batir ne ya ƙare.

"Shikamoo, Shangazi," in ji Mfaume, yadda yaro ke gaida gwaggonsa a yarenmu.

"Marahaba," in ji Somoe, tana kallon sukarin. "Wa ya mutu?"

"Haba Shangazi. Sai an mutu zan gaishe ki?"

"Rabonka da durƙusa min tun ranar da aka binne ubanka."

Somoe ƙanwar ubansa ce. Aure ya ƙi ta sau biyu, haihuwa ta ƙi ta gaba ɗaya, ta dawo gonar wanta ta dasa yazawa ashirin da uku da hannunta, tun Mfaume yana yawo ba wando. A nan kan tudu kuwa kowa ya san ƙa'ida: ƙasa ta mai ƙasa ce, itace na wanda ya dasa. Muddin itacenki na tsaye a gona, ke ce mai tsintar ƙwallonsa, ɗakinki kuma ba mai taɓa shi, ko gonar ta canza hannu sau goma. Ranar da na ƙarshe ya faɗi, kin zama baƙuwa. Gonar yanzu ta Mfaume ce, da takarda da hatimi. Itatuwan na Somoe ne, ba takarda, sai idon mutane.

"Shangazi, gwamnati ta tuna da mu," in ji shi. "Duk itacen da ya gaji a sare shi, su ba da dashe kyauta daga wurin reno, su kuma biya kuɗi. Rabi in an sare, rabi in dashen ya shekara da rai. Biyar ɗin can na bakin hanya, tsakani da Allah, me suke ba ki?"

"Inuwa."

"Inuwa ake kaiwa sikeli?"

Ba ƙarya ya yi ba, biyar ɗin sun gaji. Somoe ta yi ta juya ƙullin sukarin a hannu.

"Ni zan dasa sababbin," ta ce.

"To wa zai dasa in ba ke ba?"

Da ruwan farko ya sauka aka kawo dashe a baƙaƙen ledoji. Somoe ta ci ɗamara da tsohon zanenta, ta ɗauki fartanya. Tana isa bakin hanya sai ga Zuhura, matar Mfaume, ta taho da gudu da farar kujerar roba a ka. Sabuwa fil, ko takardar kanti ba a ɓare ba.

"Shangazi, bayanki! Ki rufa mana asiri. In kika sunkuya kika kasa miƙewa me za mu gaya wa mutane?"

"Bayan nan jiya ya ɗauko itacen girki daga kwari, ba ki tambayi lafiyarsa ba."

"Jiya daban. Ke dai ki zauna ki riƙa ba da umarni, kamar shugaba."

Aka zaunar da ita. Mfaume da kansa, mutumin da ko tsinken sakace sai an miƙo masa, ya tuɓe riga, ya durƙusa, ya yage leda, ya sa dashe a rami ya danne ƙasa da tafin hannu. Kuma duk wanda ya zo wucewa sai ya miƙe tsaye ya ɗaga hannuwan nan biyu masu laka ya ce da ƙarfi, "A gafarce ni, ba zan ba da hannu ba, dashe nake yi!" Har mai tallar busasshen kifi, wanda ba ɗan garin nan ba ne ma, sai da aka tsayar da kekensa aka nemi gafararsa.

Da yamma na leƙa ta ɓula.

"Somoe, kin ga abin da na gani?"

"Na gani da ido ɗaya, ɗayan yanar ido ta rufe shi. Biyar ne kawai, Rediyo, ina da sha takwas. Ɗan wana ne, a bayan nan na goya shi."

"A bayan da suke ta lallaɓawa?"

"Je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri."

Da rabin kuɗin ya fito aka sayo mata zanen kanga ɗaya da silifas. Gidan Mfaume kuma ya yi sabon rufin kwano. Wai adashi Zuhura ta ci.

Bayan wata huɗu muka wayi gari da jan fenti a jikin guda takwas.

"Cuta ce, Shangazi," in ji Mfaume. "Malamar gona ta ce in ba a cire su ba za su shafa wa 'ya'yan gwamnati." Haka yake kiran dashen, 'ya'yan gwamnati.

Malamar gonar, Bi Upendo, yarinya ce daga can arewa, ƙasar ayaba da kofi, mai takalmin roba har gwiwa ko rana ake ƙwallawa. Ranar kasuwa na same ta a rumfar shayi, na saya mata fanke biyu. Labari ba ya fitowa daga bakin da ba a shafa wa mai ba.

"'Yata, wace cuta kika gani a yazawar Somoe?"

"Wace ce Somoe?"

"Gwaggon Mfaume."

"Au, Bibi mai kujera! Kai, mutumin nan yana ji da ita. Ai ni ba na shafa fenti, Bibi. Mai gona ke shafawa, ni kututture nake ƙirgawa." Ta kurɓi shayi. "Na ma gaya masa ba dole sai ya kashe su ba. In aka yanke tsohon itace daidai ƙugu, ya yi toho, sai a aura masa sabon iri a kan tohon. Kuɗin tallafin ɗaya ne, kuma ya fi saurin 'ya'ya, tunda saiwar ta riga ta san hanyar ruwa. Ya ce shi ya fi son sabon abu tun daga tushe."

Na buɗe baki zan gaya mata dalilin da ya sa ya fi so. Sai na tuna a tankin simintin Mfaume nake ɗiban bokiti ɗaya kullum da rani, kuma ruwa a tudun nan da jarka ake saye. Kai labari gida-gida aikina ne. Kai shi ofis kuwa ban koya ba. Na rufe bakin da fanke, na taso na bar shayina da zafinsa.

Somoe dai na kai mata labarin ta ɓula, ita kuwa da Mfaume ya dawo ba ta jira ya cire takalmi ba.

"Mfaume, an ce ana iya aura wa kututture."

"Wa ya ce?" Danga yake kallo. Na janye idona.

"Ana iya ko ba a iya?"

"Ana iya, Shangazi, amma wannan na marasa gata ne. Faci ke nan. Ke kina da ni, za a yi miki faci?"

Mai zarton inji ya zo ranar Talata. Kafin azahar takwas ɗin suna kwance.

To amma yazawa akwai taurin kai. Sati uku da sara, sai ga jajayen ganye suna leƙowa daga jikin kututture, kowanne da nasa. Somoe ta ɗauko sabuwar kangar nan ta yayyaga ta, ta ɗaura wa kowane toho ƙyalle. Ta sa silifas ɗin, ta tafi wurin Mzee Chilumba, shugaban ƙauye, da tambaya ɗaya: toho na waye?

Mzee Chilumba ya ce magana ce babba, sai an tara dattawa. Suka zauna bayan sallar Juma'a. Ɗaya ya ce saiwar Somoe ce, abin da saiwa ta haifa nata ne. Ɗaya ya ce itacen da gwamnati ta biya kuɗin saransa ya mutu a littafin gwamnati, matacce kuwa ba ya haihuwa. Na ukun ya yi barci. Mfaume, saboda ladabi, ya aiko da butar kofi da alewar gyaɗa. Aka ɗage zuwa wata Juma'ar. Ita ma aka kawo kofi, aka ɗage.

Tsakanin Juma'a ta biyu da ta uku ƙanin Zuhura mai gawayi ya zo ziyara. Ya ce haram ne a bar itace mai kyau haka yana ruɓewa. Ya jera rassan a kan kututturen, ya rufe da ƙasa, ya sa wuta. Kwana biyar garin nan yana warin hayaƙi.

Juma'a ta uku aka yanke hukunci, kuma Somoe ce ta yi nasara.

"Mun duba, mun auna," in ji Mzee Chilumba. "Toho na mai saiwa ne. Tashi mu je ki nuna mana tohon."

An ba ta buhun gawayi guda. Kyauta.

Saura goma. Da yazawa ta fara fure aka raba farar wutar feshi ta tallafi, ita kuma da sunan mai takardar gona ake ba da ita. Mai injin feshi ya bi itatuwan da Mfaume ya gada na ubansa ɗaya bayan ɗaya, har gari ya yi fari. Da ya zo kan na Somoe na farko sai hodar ta ƙare.

"Ikon Allah," in ji Mfaume, yana girgiza buhu. "Kin gani da idonki."

Da shekara ta zagayo ma a nan ta ƙare, a gindin itace ɗaya. Ikon Allah ba ya kuskuren wuri. Furen Somoe ya yi fari-fari ya bushe ya zube. Ƙwallon da ta tsinta bai cika buhu biyu ba, ita da ta saba hayar amalanke.

"Kin ga abin da nake faɗa? Sun gaji. Ke ce kawai ba ki son ji."

Fenti ya ci huɗu. Daga baya ya ci biyar.

Daga nan ta daina hura wutarta, don ba abin ɗorawa. Zuhura ta ce wannan ai farin ciki ne, dama bai kamata tsohuwa tana shaƙar hayaƙi ba, tukunya ɗaya ta ishi gida. Tuwon rogo yana zuwa mata bayan yara sun ci, da miyar ganyen rogo, in ranar kifi ce a sa mata kawuna. Wata rana ya zo da azahar, wata rana da la'asar, wata rana Zuhura ta ce, "Au! Na ɗauka kina azumi."

Sai rani ya kama, tanki ya yi ƙasa. Mfaume ya sa masa kwaɗo. Kowane ɗan gwamnati yana da rabonsa safe da yamma, a hankali ake zuba masa, a rufe gindinsa da ciyawa kar rana ta dame shi. Somoe kuwa buta ɗaya ce, ta sha da ta alwala.

"Zuhura, ruwan ba ya kai ni la'asar."

"Shangazi, ai addini ya yi sauƙi, ga taimama nan. Su waɗannan in sun mutu ba a biyan ragowar kuɗin."

Gaskiya ta faɗa. Na saurari takardar nan da kunnena ranar da aka karanta ta, ba inda aka ce za a biya wani abu in Somoe ta shekara da rai.

Abin mamaki, bayan nan nata da ba ya son dashe, yana son cire ciyawa. Kullum da hantsi za ka gan ta a sunkuye a gindin 'ya'yan gwamnati tana nome musu, don Zuhura ta ce likitoci sun ce motsa jiki yana ƙara wa tsofaffi kwana. Amma ranar da aka kawo sabon dashe, ko ledar ta taɓa sai kujera ta fito.

Na ce mata, "Somoe, ki saci ɗaya mana ki dasa."

"A gaban wa? Abin da ba a gani ba ba a dasa shi ba. Gobe ya ce shi ne."

"To ki kai ƙara gunduma."

"In ce me? In ce ɗana ya saya min kujera?"

Saura ɗaya, na ƙofar ɗakinta, wanda rassansa suka sauko har ƙasa suka sake hawa. Ta daina zuwa ko'ina. Daga sallar asuba har faɗuwar rana tana gindinsa, a nan take ci, a nan take salla, a nan nake kawo mata labarin gari. Biki ba ta je, makoki ba ta je. Fentin ma sai da ta zagaya bayan gida aka shafa, ta dawo ta tarar yana ɗiga. Mai zarto ya zo sau biyu, ya gaishe ta, ya sha ruwa, ya koma. Wata uku ana haka.

Sai wata safiya Mfaume ya sake durƙusawa.

"Shangazi, likitocin ido sun sauka a gunduma, kyauta suke cire yana. Na rubuta sunanki. Ni zan kai ki da kaina, kwana biyu ne."

Somoe ta daɗe tana son idon nan. Ko zare ba ta iya sa wa allura.

"In na tafi wa zai zauna a nan?"

"Ga Bibi Rediyo. Ko ita ma ba ki yarda da ita ba?"

Ta juyo da idonta mai gani ta kalle ni. "Rediyo, za ki zauna?"

"Zan zauna. Ko gobara aka yi a gidana."

Na zauna. Ranar farko ko fitsari da gudu na je na dawo. Rana ta biyu da hantsi sai ga Zuhura tana haki.

"Bibi, kina nan zaune? Surukar mai shayi ta zo kwashe kayan 'yarta! Tana jefo tukwane waje, shi kuma ya hau rufin rumfa ya ƙi saukowa!"

Na ce minti biyar.

Ba zan yi wa Zuhura ƙazafi ba, faɗan gaskiya ne, kuma ya yi daɗi. Sai da aka kawo tsani. Ina tsaye a gaba-gaba na ji ƙarar inji daga wajen gidanmu, na ce wa kaina babur ne. Ya daɗe yana ƙara. Na ce babur ne mai ciwo.

Da la'asar aka dawo da Somoe. Mfaume ya sauke ta a hankali kamar tiren ƙwai. Ta tsaya a ƙofar ɗakinta, ta ɗaga audugar da aka rufe mata ido da ita, ta yi ƙifi-ƙifi.

"Kai, likitocin nan sun iya aiki," ta ce. "Ban taɓa ganin ƙofar ɗakina da haske haka ba."

Ta ɗaga kai sama. Ta sauke shi ƙasa. Ba ko kututture, an tone shi an cike ramin, an share wurin tas.

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da audugar ta rufe idon, ta shiga ɗaki. Ni kuwa kwana huɗu ban leƙa ta ɓula ba.

Tun a satin aka fara maganar wata 'yar ƙanwar kakar Zuhura da ke can wajen Masasi, wai tana da ɗaki ba kowa, ga asibiti kusa, ga famfo. Ita matar ba a gaya mata ba tukuna. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa gonar Mfaume aka zaɓa gonar misali a duk yankin, tunda ba tsohon itace ko ɗaya a ɓangaren da aka sabunta, kuma dashensa bai mutu ba. Manya za su zo.

Motoci uku suka zo. Babban baƙo mutum ne mai tumbi da farin wando. 'Yan makaranta suka yi waƙa, Zuhura ta dafa tukunyar shinkafar pilau da sai mutum biyu ke ɗauka. An sa wa Somoe sabon zane an zaunar da ita a kujerarta a gaba, don a ga gida mai albarka. Mfaume ya haƙa rami ɗaya kusa da ɗakinta, daidai inda inuwa take a da, don babban baƙo ya dasa na tunawa.

Baƙo ya kalli ramin, ya kalli wandonsa. Bi Upendo, Allah ya yi mata albarka, ba ta san komai ba, ta ce, "Mai girma, ga Bibi nan, ta fi kowa shekaru a gonar. In ita ta dasa hoton zai fi kyau."

Har yaran makaranta sun san ma'anar abin da aka faɗa. Baƙin ne kawai ba su sani ba.

"Bayanta, mai girma," in ji Zuhura. "Ciwon baya gare ta."

"Bibi, bayan naki yaya?" in ji baƙo.

"Ƙalau yake, ɗana. Hutu ne ya yi masa yawa."

Da hannunsa ya miƙa mata dashen. Mfaume yana murmushi, irin na wanda ya taka ƙaya a cikin sahun salla. Somoe ta durƙusa. Ta yage ledar, ta sa shi a rami, ta tura ƙasa da hannu biyu, ta danne, ta sake dannewa. Ba ta yi sauri ba. Sannan ta ɗago hannuwanta da laka.

"Chilumba, ka gani?"

"Na gani."

"Liman, ka gani?"

"Na gani, Somoe."

"Rediyo, ke fa? Ko kina wurin faɗa?"

"Na gani," na ce. "Da ido biyu."

Mata suka rangaɗa guɗa. Baƙo ya yi ta tafi, ya ce abin da yake so da mutanen ƙauye ke nan, komai nasu da al'adarsa. Aka ɗauki hoto, aka ci pilau. Ranar Somoe ta ci nama, ba kai ba, tsoka.

Ƙurar mota ta uku ba ta gama kwanciya ba Mfaume ya fito da igiya mai ƙulli-ƙulli. Mutane ba su watse ba. Ya ɗaura ta a gindin dashen da ke kusa, ya ja ta zuwa na Somoe. Ya tsaya. Ya dafa kai.

"Shangazi, an yi kuskure. Doka ta ce mita goma sha biyu tsakanin dashe da dashe. Wannan ya gaza da kamu ɗaya. In Bi Upendo ta dawo ta auna za a soke tallafin gonar gaba ɗaya."

"Kai ka haƙa ramin."

"Shi ya sa ni zan gyara. Laifina ne, ba zan ɗora miki wahalarsa ba."

Ta yunƙura. Zuhura ta rungume ta ta baya, da ƙauna, da ƙarfi. "Shangazi, idonki sabo ne, kar ƙasa ta shiga."

Ya sa shebur ya ɗago dashen da ƙasarsa, ko ganye ɗaya bai faɗi ba. Ya haƙa sabon rami kamu ɗaya gaba, ya sa, ya danne. Ya miƙe ya nuna wa jama'a hannuwansa.

"Chilumba!" in ji Somoe.

Mzee Chilumba yana sakace, da ledar nama a hannu. "Ita ta dasa, na gani. Shi ma ya dasa, na gani. Magana ce babba. Za mu zauna ranar Juma'a."

Mfaume bai naɗe igiyar ba. Ya ɗaura ta a sabon dashen ya ci gaba da ja, don a ga inda na gaba zai faɗa. Igiya ta shiga ƙofar ɗakin Somoe, ta wuce randa, ƙulli na sha biyu ya tsaya a tsakiyar gadonta.

"Kin gani, Shangazi," ya ce, murya a sanyaye. "Ba ni ba ne. Igiya ce."

Ba ta je Masasi ba. Washegari ta faɗaɗa ɓular dangata da hannunta, ta turo katifa, ta turo tukunya da buta, ta biyo su. Kujerar kuwa Zuhura ce ta riƙe, ta ce dama ta baƙi ce. A madafata take kwana yanzu, wata bakwai ke nan. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba, don in aka fara magana za a zo kan mai shayi.

Hoton ya fito da kyau. Yana manne a bangon sito inda ake auna ƙwallo, ga Somoe a durƙushe, hannu cikin ƙasa, tana dariya har ana ganin wawulonta. Akwai rubutu a ƙasa, na haɗa baƙaƙen a hankali: tallafi ya isa ga kowa. Mfaume ya sa wa nasa gilashi ya rataye a falo. Bi Upendo tana zuwa duk wata uku, ta bi 'ya'yan gwamnati ɗaya ɗaya, ta taɓa ganye, ta rubuta. Ran nan ta tambaya ina Bibi mai kujera, aka ce ta je hutawa wurin ƙawarta. Ta ce madalla. Dattawa kuwa suna nan suna zama. Kofi bai yanke ba.

Filin da nake kai ba nawa ba ne, na ɗana ne da ke aiki a birnin Dar, shi ma da takarda da hatimi, ga 'ya'yansa huɗu. Duk sanda ya bugo waya sai ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, sannan ya ce, "Mama, baƙuwar nan har yaushe?" In ce masa layin ba kyau.

Satin da ya wuce na lura Somoe ta canza wurin alwala. Da a bakin danga take yi, yanzu sai ta zagaya bayan madafa, wuri ɗaya kullum, sau biyar, ta wanke hannu a hankali ruwan yana zuba. Kuma sai ta kira ni.

"Rediyo, zo ki riƙe min buta."

Na je na riƙe. Ga tsiron yazawa nan a gaban ƙafarta, ganye huɗu jajaye, ƙwallon bai ma gama saɓulewa daga kansa ba. Ba mai aure ba ne, irin tsohon nan ne mai taurin kai.

"Kin gani?" ta ce.

Na ce buta ta kusa ƙarewa.

Ban tsige shi ba. Duk wanda ya ce na tsige ƙarya yake yi, yana nan. Akuyata dai dama a can nake ɗaure ta tun kafin Somoe ta zo, igiyarta kuma ba ta kaiwa, saura kamar tafin hannu biyu. Tana miƙa wuya, tana miƙa harshe, ba ta kaiwa. Kullum da safe ni ke ɗaure ta da hannuna, Somoe tana zaune a bakin madafa, ta buɗe sabon idon nan tana kallon inda nake yin ƙullin.